Daga Marisuwa Zuwa Korona: Wa Ke Riga Isowa, Cuta Ko Labarinta?

Kakata ta wajen uba, Allah Ya jiƙanta da rahama, ba ta taɓa sanin shekarunta da lissafin boko ba. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ita dai mahaifiyarta ta shaida mata an haife ta damina bakwai bayan Marisuwa. Muna yara, a wani ƙauye da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, mun ɗauka Marisuwa sunan wani mayaƙi ne da ya taɓa ratsa ƙasar. Sai da na girma na shiga makarantar horon malamai sannan na gane ashe mura ce, wato murar nan ta 1918 wadda ta kashe mutane fiye da waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci. Abin da tsohuwar ta riƙe daga bakin uwarta bai taka kara ya karya ba, amma har gobe yana raina. Ta ce an yanke gero an bar shi kwance a gona babu mai ɗaurewa, ana gane gidan da ciwon ya shiga da rashin tashin hayaƙi, kuma majiya ƙarfi da mata masu ciki ya fi ɗauka, ya bar tsofaffi da haƙar kabari.

Abin da ya tono mini wannan tsohon zance shi ne tambayar da wani ɗalibina na aji biyar ya yi mini a zangon karatun da ya wuce. Ya ce, "Malam, wai irin korona za ta sake zuwa, ko an gama ke nan?" Na ba shi amsar da malami kan bayar in ƙararrawa ta kusa kaɗawa, amma da na koma gida sai na ga ban yi masa adalci ba. To, mai karatu, ga amsar da ta kamata in ba shi. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne, saboda haka ta ƙofar tarihi zan shiga. Abin da tarihin ya nuna mini kuwa shi ne, duk annobar da ta taɓa sauka ƙasar nan tsere aka yi tsakanin cutar da labarinta, kuma wanda ya riga isowa shi ya yanke yawan gawar da aka ɗauka.

Bari mu fara da Marisuwar. A ranar 15 ga Agusta 1918 wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun ta Saliyo da majinyata a cikinsa. Wata guda bayan haka, ranar 14 ga Satumba, wani jirgin mai suna Bida ya iso Ikko daga gaɓar Gwalkwas, wato Gana ta yau, shi ma da marasa lafiya. Hukumar Turawa a Ikko ta yi ƙoƙarin killace mutane, ta hana taruwa, ta rufe makarantu da wuraren ibada, amma sai tsoro ya sa jama'a suka watse zuwa garuruwansu, kowa da guzurin ciwon a ƙirjinsa. Layin dogo ya riga ya isa Kano tun 1911, saboda haka tafiyar da a da fatake kan kwashe watanni suna yi, mura ta yi ta cikin 'yan kwanaki, tana sauka tasha-tasha. Mu nan ƙasar Sakkwato jirgin ƙasa bai kusanto mu ba tukuna, don sai 1929 layin ya kai Ƙauran Namoda. Ke nan da ƙafa ta ƙaraso mana, a jikin falke da ɗan aike da mai jaki da almajiri, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare. Duk wanda ya san inda Tambuwal take zaune, a kan hanyar da ta haɗa Sakkwato da babbar kasuwar Jega, ya san ba garin da baƙo ke kauce wa ba ne.

Masanin tarihin nan Don Ohadike ya ƙiyasta cewa Nijeriya ta rasa mutum wajen 500,000 daga cikin miliyan 18 da ake jin tana da su a lokacin, kuma cikin watanni kaɗan aka yi wannan asara. A duniya baki ɗaya ana maganar miliyan 50, wasu ma suna kai lissafin gaba da haka. Ba a san abin da ke kawo ciwon ba, don sai a 1933 masana suka iya ware ƙwayar bairas ɗin mura daga jikin ɗan Adam. Daɗin daɗawa ga lokacin da ta zo: tsakiyar kaka, shekara huɗu kacal bayan yunwar 1914, kuma 'yan shekara 20 zuwa 40 ta fi kayarwa, wato masu yankan dawa da masu daka da masu ɗebo ruwa. Ohadike ya nuna cewa a ƙasashen kudancin Kwara rashin hannun noma da aka yi bayan murar yana cikin abin da ya sa mutane suka rungumi rogo, don bai kai doya wahala ba. Wannan ya sa na fahimci maganar kakata ta rashin hayaƙi. In duk mutanen gida suka kwanta rana ɗaya, wanda zazzaɓi bai kashe ba ƙishirwa da yunwa suna iya ƙarasa shi, alhali da ya sami mai miƙa masa kunu da ruwa wataƙila da ya tashi.

Wani abin lura game da Marisuwa shi ne yadda aka danne labarinta tun daga tushe. Ƙasashen da ke yaƙi sun hana jaridunsu faɗin gaskiyar abin da ke faruwa, don kada abokan gaba su ji. Sifen ba ta cikin yaƙin, jaridunta suka yi ta bugawa, sai duniya ta laƙaba wa ciwon sunan Sifen, alhali ba a can ya samo asali ba. A nan gida kuma Bature yana da wayar tangaraho, ya san abin da ke tafe, amma talakan da ke Kuchi ko Dogon Daji ko Sanyinna bai ji komai ba sai da ya ga maƙwabcinsa ya faɗi.

Don a ga bambancin da labari ke yi, a dubi wasu tsibirai biyu maƙwabtan juna a tekun Fasifik, duka sunansu Samowa. A Nuwamba 1918 wani jirgi mai suna Talune ya shiga Samowa ta Yamma, aka bar fasinjojinsa marasa lafiya suka sauka, kafin a ankara wajen kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar sun mutu. A ɗaya Samowar, wadda ke hannun Amurka, gwamnanta John Poyer ya ji labarin annobar tun tana nesa, ya rufe gaɓa, sarakunan gargajiyar wurin suka taya shi tsaro da kwale-kwalensu. Ko mutum ɗaya ba su rasa ba. Jinsi ɗaya ne, abinci ɗaya, babu mai magani a cikinsu. Na san Tambuwal ba tsibiri ba ce, ba mu da gaɓar da za mu rufe. Amma ai dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A shekara ta 18 bayan Hijira, da Sayyadina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, shawara ya yi da sahabbai ya juya da tawagarsa, kuma karantarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan kada a shiga garin annoba kuma kada na ciki su fita, tana cikin littattafan da malamanmu na zaure ke biyawa kullum. Muna da hukuncin a hannu tun fil azal. Abin da hukuncin ke buƙata kafin ya yi aiki shi ne a ji labari da wuri.

Sau ɗaya a tarihinmu labari ya yi wa cuta fintinkau sosai, shi ne yaƙin da aka yi da agana. Yaran yanzu ba su san agana ba, sai dai su ga wani dattijo mai zanzana a fuska ko makahon da ita ta cinye wa ido. A da kuwa baƙuwar kowane rani ce, har ana sakaya sunanta don tsoro. A Disamba 1966 wani likita Ba'amurke, William Foege, yana aiki da 'yan mishan a yankin Ogoja, sai agana ta ɓulla alhali maganin lambar da ke hannunsu bai isa kowa ba. Sai ya yi amfani da rediyon oba-oba na 'yan mishan, ya sa kowannensu ya aika masu gudu ƙauye-ƙauye su gano inda mai ciwon yake. Da labari ya dawo, sai aka yi wa mutanen gidajen da abin ya shafa lamba, da waɗanda suka yi hulɗa da su, da kasuwannin da suke ci. Ciwon ya rasa wanda zai kama, ya mutu a wurin. Wannan dabara da aka gwada a ƙasarmu ita ce daga baya aka ɗauka zuwa Indiya da sauran duniya.

Daga 1967 aka shiga gangamin lamba a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da wata bindigar allura da ake takawa da ƙafa, mai yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. A Arewa abin da ya ɗauki nauyin aikin shi ne tsarin sarauta. Umarni ya fito daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sanƙira ya zaga da yamma, da safe a ga layi ƙofar fada. Haka kuma labari ke hawa sama ta wannan tsani in an ga mai ƙuraje a wata ruga. Mahaifina yana da tabon lambar nan a dantsensa na hagu, ya kan nuna mana shi kamar wata lambar girma. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1977 aka ga na ƙarshe da ya kamu da ita haka kawai a Somaliya, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar an kawar da ita daga doron ƙasa. Ka tuna fa, an yi wannan ne ba wayar hannu, ba kwalta a yawancin hanyoyinmu.

To me ya same mu daga baya? Ni ganau ne a nan, ba jiyau ba. Ina makarantar sakandare a 1996 lokacin da sanƙarau ya yi mana dirar mikiya. Shi sanƙarau ba bairas ke kawo shi ba, bakteriya ce, amma darasinsa ya shafi zancenmu. Fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu a Arewa. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a wani gwaji da aka sa yara wajen 200 a cikinsa, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗi sun biya diyya, amma ba su sayo yardar da ta zube ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Da aka zo 2003 ana raɗe-raɗin an sa maganin hana haihuwa cikin ɗigon shan inna, mutane da yawa sun gaskata ne don sun tuna 1996. Kano ta dakatar da rigakafin har Yuli 2004, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe wajen 20. Sai da aka koma wa tsohon tsani, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya tara sarakunan Arewa a 2009 suka sa hannu cikin aikin, sannan aka fara ganin haske, har aka kai ga shelar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Ni a ganina wannan ne babban abin da ya canza tsakanin zamanin kakata da namu. Su labari ne bai iso musu ba. Mu kuwa labari yana isowa har ya yi yawa, sai dai na ƙarya ya fi na gaskiya sauri. Shekarar 2014 ta nuna fuskokin biyu cikin wata guda. Ranar 20 ga Yuli wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Ikko da cutar Ebola. Likita Ameyo Adadevoh ta gane abin da ke jikinsa, ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata, ta kai rahoto. Ma'aikata suka bi sawun mutum wajen 900 gida-gida, da yawansu ma a yaƙin shan inna suka koyi aikin. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, har da ita likitar, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 170, alhali a Gini da Laberiya da Saliyo an rasa fiye da 11,000. Amma a cikin wannan Agustan ne kuma waya ta tashe mu cikin dare, 'yan'uwa na kira daga ko'ina, wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin asuba. Kada in ɓoye maka, mai karatu, ni mai difloma a fannin ilmi, sai da na tsaya ina kallon bokiti ina shawara da zuciyata. Kafin gari ya waye saƙon ya gama ƙasar, har aka sami waɗanda gishirin ya kashe.

Korona kuwa kowa ya gani, ba sai na ja ta ba. An tabbatar da ita a Ikko ranar 27 ga Fabrairu 2020, aka rufe mana makarantu a ƙarshen Maris, aka yi ta mayar da almajirai jihohinsu cikin manyan motoci a cunkushe, wanda ni har yau ban ga hikimarsa ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne na Kano a watan Afrilu. Masu haƙa kabari ne suka fara faɗin cewa gawa ta yi yawa, tun hukuma tana musantawa. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Ashe dai ma'aunin annoba na farko yana hannun mai haƙa kabari da mai wankan gawa da limamin jana'iza, in da akwai mai sauraronsu.

Yanzu sai tambayar ɗalibina: za ta sake zuwa? A ɗauki alli a rubuta a allo: 1889, 1918, 1957, 1968, 2009, 2020. Waɗannan duka annobar numfashi ce da ta zaga duniya. Wasu masana da suka bi tarihin annoba na shekara 400 sun fitar a 2021 cewa yiwuwar samun mai girman korona ya kai wajen kashi 2 cikin ɗari a kowace shekara. Kashi 2 kamar ba komai ba, amma a tara shi tsawon rayuwar yaron da ke aji biyar yau, sai a ga ba abin da za a kawar da kai ba ne. Kuma yawancin sababbin cututtukan nan daga dabbobi suke tsallakowa. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Afirka ne a wata gonar kaji kusa da Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairu 2006, a 2024 kuma aka same ta cikin shanun tatsa a Amurka. Har yanzu ba ta iya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba. Mu da muke kwana da kaji a tsakar gida, muke cin kasuwar shanu, muke loda albasa da dabbobi a tirela zuwa Kudu 'yan cin rani su dawo a kanta, ba mu da hujjar cewa abin na nesa ne. Tafiyar da ta ɗauki Marisuwa makonni, yanzu kwana ɗaya da wuni ce daga Ikko zuwa tashar Tambuwal.

Game da yadda za a tsira kuwa, ban ga amfanin a ce wa mutumin Kebbe ya tara abincin wata shida ya kulle ƙofa ba, kamar yadda ake gaya wa Turawa. Wanda sai ya fita ya samo na cefane ba ya kulluwa, mun gani a 2020. Abin da ke hannunmu shi ne abin da ya yi aiki a da. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma hukumar NCDC tana da lambar kira kyauta, 6232. In kaji suka fara zubewa a unguwa, ko aka yi jana'iza uku cikin mako guda da ciwo iri ɗaya, kada a jira ta huɗu, kuma kada a yanka kazar da ke magagin mutuwa a jefa tukunya. In ciwon numfashi ya shiga gida, a ware wa majinyaci ɗaki mai taga a buɗe, mutum ɗaya ya riƙa jinyarsa da takunkumi a fuska da sabulu a kusa, kuma kada wannan mutumin ya zama tsoho ko mai ciki. Dubiya da zaman makoki, waɗanda su ne adon zumuncinmu, su ne kuma hanyar da irin wannan ciwo ya fi so, saboda haka malamai ne ya kamata su faɗa tun yanzu, lokacin da hankali ke kwance, cewa gaisuwa daga ƙofa ba yanke zumunci ba ce. Wanda numfashinsa ya fara sama-sama ko leɓɓansa suka canza launi, asibiti ya kamata ya nufa, ba kemis ba. Sa'annan maƙwabta su raba gidaje a tsakaninsu, a san wanda zai ajiye ƙwaryar kunu da tulun ruwa a ƙofar wa, don kada a sake gane gidan ciwo da rashin hayaƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanƙarau da ya sake taɓa maƙwabtanmu na Gwandu da Jega da Aliero a 2025 ya isa tuni cewa hanyar a buɗe take.

Da na koma aji na faɗa musu wannan duka, na kuma ba su aikin gida: kowa ya rubuto sunan mai unguwarsu da ma'aikacin lafiya mafi kusa da su, ya kuma tambayi wanda ya fi kowa tsufa a gidansu wace annoba ya tuna. Wasu sun kawo labarin ranar lamba, wasu na sanƙarau, wata yarinya ta kawo na ciwon bushiya da ya share garken kakanta a 1983. Ba wanda ya kawo na Marisuwa, masu wannan labarin sun ƙare. Yaron da ya yi tambayar tun farko kuwa, wanda ƙauyensu ke can ƙuryar Kebbe wajen iyakar Zamfara, ya miƙo takardarsa rabi babu rubutu. Ya ce ma'aikacin lafiyarsu ya bar zuwa tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga, waya kuma sai an hau tudu ake samun sabis, in damina ta yi nisa ko babur ba ya ƙetare rafin. Ya ce, "To Malam, mu wa za mu gaya wa?" Na karɓi takardar na sa cikin rajista, na ce ya bari sai na yi magana da hakiminsu.